Ƙanwata ta samu aikin sa kai a Gana, Baba ya ce a ba shi kwana uku

Abban Nana:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara ce ta kawo ni, masu ba'a don Allah ku ɗan dakata sai an gama. Ƙanwata ta gama lisansi kan aikin noma a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, bana shekara biyu ke nan tana zaune gida, in ka cire ɗan istaj na wata uku. Dosiye kam babu biron da ba ta ajiye ba. Makon jiya sai ga saƙo wai wata ƙungiya ta ɗauke ta aikin sa kai na wata 12 a arewacin Gana, wajen Bolgatanga. Aikin shi ne zama da ƙungiyoyin mata manoma kan rainon itatuwa cikin gona da kuma asusu. Ba albashi ba ne. Ɗaki, kuɗin cefane, tikitin zuwa da dawowa, shi ke nan.
Baba ya saurare ta har ƙarshe bai katse ta ba, sannan ya ce a ba shi kwana uku. Inna kuwa tun ranar ba ta ci abincin kirki ba. Ni ne babba, na san ni za a fara kira ɗaki. Zuciyata biyu take: ɗaya ta ce a bar ta ta gwada sa'arta, ɗaya ta ce ɗiya mace ce, ƙasar da ba mu da kowa, aikin kuma ba kuɗi. Wanda ya san kan abin nan ya taimaka.

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam. Yaya, tambaya ɗaya tak. Mu nan Maradi mun gama ci gaban ne har ya yi saura, za mu kai wa Gana ragowa?

Hajiyar Mokoyo:
Ɗan Zariya, an ce a dakata da ba'a, ba ka ji ba? Abban Nana, kafin a je ga ta tafi ko kar ta tafi, a fara tabbatar da cewa aikin akwai shi. Ɗan maƙwabciyata haka aka turo masa takarda mai tambari har biyu, wai aikin sa kai a Kanada. Suka ce ya tura jika ɗari da hamsin na buɗe dosiye. Uwar ta sai da akuyoyinta ja guda uku. Bayan ya tura suka ce saura na likita. Daga nan lamba ta daina shiga. Har yau in ta ga jar akuya sai ta kau da kai.
Ƙungiyar gaskiya ba ta karɓar ko dala a hannun wanda za ta ɗauka. Shirin masu sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya ma ba a biyan komai wurin neman shiga. Ku duba: sun nemi kuɗi? Sun yi hira da ita ido da ido ta bidiyo, ko saƙon WhatsApp ne kawai? Suna da biro a Yamai da mutum zai taka ya je? Takardar kwantiragi ta faɗi wa zai biya in ta yi rashin lafiya? In ɗaya daga ciki ya ƙi amsuwa, ku ja da baya.

Abban Nana:
Na gode Hajiya. Ba su nemi komai ba. Hira biyu suka yi da ita, ɗaya da Faransanci ɗaya da Ingilishi, a shagona aka yi don ni ke da intanet mai ƙarfi. Malaminta na jami'a shi ya nuna mata sanarwar tun farko, kuma suna da biro a Yamai, abokina ya je ya gani. Maganar asibiti ce ban duba ba, zan sa ta kawo takardar yau.

Ɗan Zariya:
To tunda aikin na gaske ne, bari in faɗi tawa, kuma ba ba'a nake ba. Ni ma lisansi gare ni, yau kabu-kabu nake yi daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwa. Na yi wa wata ƙungiya aikin sa kai wata takwas. Ni ke shiga ƙauyuka kan moto cikin rairayi, ni ke fassara, ni ke cika fom, ni ke shan zagin mai gari in an yi alkawari ba a cika ba. Wadda aka turo daga Turai, ita ma sunanta mai sa kai, kamar ni. Tana cikin katkat mai sanyi, abin da ake ba ta na wata ɗaya ya fi abin da na samu a wata takwas ɗin. Da aka rubuta rahoto sunanta ne a sama. Ni ina can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa, tare da direba.
Kuma wanda ya yi wayo a 2005, shekarar yunwa, ya san abin da nake faɗi. Garin nan ya cika da fararen motoci. Ban ce ba a yi aiki ba, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ceci yara dubbai da tamowa ta kama, wannan ko maƙiyi ya shaida. Amma a bayansu akwai masu zuwa na mako biyu, su ɗauki hoton yaro mai haƙarƙari a waje, su shafa wa aji fenti su tafi. Mai fentin unguwa yana zaune ba aiki, ga wasu sun biya kuɗin jirgi sun zo yi masa aikinsa kyauta, kuma ba su iya ba.
Abin nan da ake kira sa kai, mai kuɗi ne ke yin shi don ya ƙawata takardarsa. Talaka in ya yi, ƙwadago ne ba lada. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mushe Mai Ritaya:
Ɗana Ɗan Zariya, na ji zafinka, kuma ba ka yi ƙarya ba. Amma bari tsoho shi ba ku labari, ku yi haƙuri da tsawo, hannuna ba shi da sauri bisa waya.
Ina ƙaramin mushe, wato malamin makaranta, a wani ƙauye tsakanin Cadawa da Agye anka kawo muna wata yarinya Ba'amurkiya, ta Corps de la Paix, shirin masu sa kai na Amurka. Ku yaran yanzu ba ku san su ba. Shugaba Kennedy ya kafa shirin a 1961, sunka shigo Nijar a 1962, kuma ba su bar ƙasar ga ba sai Janairun 2011, bayan da anka sace Faransawa biyu a wani gidan abinci a Yamai. A Hamdallaye ake fara koya musu harshe wajen wata uku, kana a kai kowa ƙauyensa shi yi shekara biyu. Ba katkat, ba fanka. Ɗakin laka, fitilar kwai, da gidan sauro a tsakar gida.
Wagga yarinya ta zo da littafi cike da dabaru. Na farko murhun laka mai cin itace kaɗan. Ta bi gida gida tana ginawa da hannunta, mata suna sannu da aiki, suna kawo mata hura. Ta gina ya fi ashirin. Bayan wata biyu ta koma dubawa, ta tarar kowa ta koma bisa duwatsunta uku. A gidan mai gari kaza ta samu tana kwanci cikin murhun. Na ga yarinyar nan ta zauna bakin zaure tana kuka, yara sun kewaye ta suna kallo.
Mi ya faru? Bakin murhun ta auna shi da tukunyar da ta saya a Maradi, ta mutum ɗaya. Gidan da ake tuƙa ma mutum goma sha biyar tuwo, tukunyarsu ba ta zama a kai, in ma ta zauna ba ta da inda mace za ta dafe ta lokacin tuƙi. Duk matan sun san haka tun ranar farko. Ba wadda ta faɗa mata, don ba a kunyata baƙo. Ita kuma ba ta tambaya ba.
Daga nan ta rufe littafin. Wata shida ba ta yi komai ba sai bin mata daka da rijiya, tafin hannunta duk ya yi kanta. Hausarta ta nuna har tana habaici. Can ta gane abin da ke cin matan ba itace ba ne, rijiya ce. Mai zurfi ce ƙwarai, igiya na tsinkewa, guga na faɗawa, kowace mace da tata igiyar da take ɓoyo. Abin da ta yi a shekara ta biyu ba shi da kyan hoto: ta sa mata sunka haɗa kuɗi kaɗan kaɗan, anka sa ƙarfe da kura a bakin rijiya, anka ɗaga bakin da siminti don ƙazanta ta daina komawa ciki. Maginin ɗan garin ne, an biya shi. Da na koma ƙauyen ta'aziyya bayan shekaru, ƙarfen na nan. Murhu ko ɗaya ban gani ba.
Da mako biyu ta yi, da ta koma gida da hoton murhu ashirin, an tafa mata.

Ɗan Zariya:
Mushe, Allah ya ƙara girma. Amma kun ga ai ita ta koyi darasi a kanmu. Shekara guda ƙauye na zaman makarantarta.

Mushe Mai Ritaya:
Haka ne. Ta biya kuɗin makarantar da rijiya.

Mai Gawo:
Ni abin da ya ba ni dariya a saƙon Abban Nana, ba wanda ya lura da shi. Ku sake karanta aikin da za ta je yi: rainon itatuwa cikin gona. Sassaben zamani ke nan fa. Daga nan jihar ya fita duniya.
Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya zo Maradi a 1981 ƙarƙashin mishan ɗin SIM yana saurayi ɗan shekara ashirin da ƴan kai. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, rana ta ƙone wasu, awaki su cinye wasu, iska ta binne saura. A 1983, kamar yadda shi da kansa yake ba da labari, ya tsaya kan hanya zai rage iskar taya saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro da ya saba ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya ga itace ne, kututture ne mai rai a ƙasa yana tohowa, kowace shekara ana sassabe shi. Dabarar duka ita ce a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a datse saura, a kare su. Ba gandun raino, ba ban ruwa, lauje ko adda kawai. Kalgo, sabara, gawo, duk haka suka dawo. Masu bincike da hoton tauraron ɗan adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar. A 2018 aka ba shi kyautar Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina. Kuma yankin Talensi, kusa da Bolgatanga ɗin nan da ake magana, yana cikin wuraren da aka kai dabarar.
To Ɗan Zariya, ga amsar tambayarka ta farko. E, akwai abin da ya yi saura a Maradi. Yarinyar da ta tashi tana ganin gawo cikin gonar gero, ta je Dan Saga ta ga yadda kwamitin gari ke tsaron itatuwa, ta fi wanda ya karanta abin a littafi a Turai.

Mushe Mai Ritaya:
Mai Gawo, ka faɗi gaskiya amma ka bar rabi. Kakanninmu sun san kututture na tohowa, ba Bature ya gaya musu ba. Abin da ya hana su bari, itacen ba nasu ba ne. Na gwamnati ne. Ka raini itace a gonarka, ranar da ka sari reshe ma'aikacin gandun daji shi ci ka tara. To wa zai raini abin da zai jawo mishi tara? Kuma lokacin yunwar 1984 da anka haɗa abin da rabon abinci, mutane sun bar itatuwa don hatsi, da rabon ya ƙare da yawa sunka sare. Waɗanda sunka bari su ne sunka ga amfanin, maƙwabta sunka kwaikwaya. Sai da manomi ya tabbata itacen nashi ne abin ya kama, dokar daji ta 2004 ta zo ta ƙarfafa. Abin da na yaba ma mutumin nan, ya zauna. Shekara goma sha bakwai ko fi. Ya ji Hausa, an yi mishi dariya ya daure.

Maman Ikram:
Tunda maza sun yi ta itace, bari in yi ta asusu, don shi ma namu ne. Mata Masu Dubara a jihar Maradi aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE ce da wata ƴar Norwe mai suna Moira Eknes. Kuma ba daga sama ta kawo shi ba, adashin da iyayenmu ke yi ne aka gyara wa zama: akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku daban, zubi kowane mako, bashi da ɗan riba, in shekara ta zagayo a fasa a raba. Yau ana yin shi a ƙasashe da dama na Afirka har da Asiya, sun sa masa wani suna na Turanci, amma mu mun san ɗiyar wa ce.
Ni shekarata goma sha ɗaya cikin ƙungiya, ina riƙe da makulli ɗaya. Abban Nana, ka ce wa ƙanwar taka ta zo gidana ranar Laraba da la'asar ta ga zubi da idonta kafin ta tafi. Abin da ke kashe asusu ba ya cikin takardar da za su ba ta. Miji ne da zai ce matarsa ta ciwo masa bashi ya ƙi biya. Shugaba ce da za ta ba ƴar ɗakinta bashi sau biyu. Ranar da aka fara jin kunyar cin tarar wadda ta makara, ranar akwati ya fara mutuwa. Wannan ko a Gana ne haka zai kasance, mata duk ɗaya muke.

Malam Na Limanci:
Assalamu alaikum. Ina ta karantawa, an yi maganar kuɗi da itace, ba a taɓa wadda nake zaton ita ce ke hana Alhaji mahaifinta barci ba. Hadisi ya inganta kan hana mace tafiya mai nisa ba tare da muharrami ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi sauƙi a hajjin farilla in akwai ayari amintacce, wasu malaman kuma sun faɗaɗa wannan zuwa tafiyar da ke da buƙata in an samu aminci, wasu ba su yarda ba. Ba zan yanke hukunci a waya kan yarinyar da ban san halin tafiyarta ba. Amma kar a mai da damuwar uba ƙauyanci. Shekara guda ce, ba kwana uku ba. Wa za ta zauna da shi? Wa zai tsaya mata in wani abu ya taso? A je wa malamin da gidan ke bi da cikakken bayani, kar a ɓoye masa komai don a samu amsar da ake so.

Maman Ikram:
Allah gafarta Malam, ban ƙi taku ba. Sai dai ina ganin ɗiyanmu mata na tafiya karatu Maroko da Aljeriya shekara uku huɗu, ana rakiya har tasha da addu'a. Wasu kuma ana tura su aikatau Saudiyya, ba mai tambayar muharrami tunda riyal zai zo. Sai a wannan da ba kuɗi ne za a tuna?

Malam Na Limanci:
Hajiya, wannan da kika faɗa laifinmu ne, ba hujja ba ce. Can ma ya kamata a tambaya. Na fi jin tsoron waccan tafiyar ma fiye da wannan.

Ƴar Tibiri:
Na daɗe ban yi magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni. Na yi shekara guda aikin sa kai a Ruwanda, fannin abinci mai gina jiki na yara. Yaya Abban Nana, zan faɗa maka yadda abin yake ba ƙari.
Tun a filin jirgin Kigali aka fara. Inna ta ɗaure mini kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, kowanne cikin baƙar leda, ta sake haɗe su cikin wata ledar. Ƙasar ta hana leda tun 2008, kuma su in sun hana sun hana. Ina tsaye ana kwance ƙullin Inna ɗaya bayan ɗaya, ina juye kuka cikin ɗankwalina. Na ji kunya, amma da na fita na ga kwata ba leda ko ɗaya, sai na tuna magudanun ruwanmu da damina.
Wata ukun farko ban tsinana komai ba. Faransancina bai yi mini amfani a ƙauye ba, Ingilishina na lise ne, matan kuma Kinyarwanda kawai suke ji. Yarinyar da ke mini fassara ta fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba, kuma abin da ake ba ta bai kai nawa ba. Ɗan Zariya, ka ga abin da ka faɗa, sai ga ni ni ce a cikin motar. Ranar da na gane haka ban yi barci ba. Abin da na iya yi shi ne na sa sunanta gaba da nawa a kowane rahoto, kuma da za a ɗauki ma'aikaci na rubuta mata shaida. Bai goge bambancin ba.
Azumi shi ya fi wuya. Garin da nake musulmi ba su da yawa, ni kaɗai nake shan ruwa a ɗaki, ina kallon hoton kunu da ƙosai da ƙannena ke turowa. Sai ƙarshen mako nake shiga mota zuwa Nyamirambo, unguwar musulmi a Kigali, don in ji kiran salla da kunnena.
Abin da na dawo da shi? Kuɗi kam kaɗan, na sai kwamfuta da keken ɗinki na Inna, suka ƙare. Sai da na ƙara wata tara a gida kafin in samu aiki, amma a hirar ɗaukar aikin kusan duk tambayoyin kan shekarar nan aka yi su. Sai kuma Umuganda. Asabar ta ƙarshen kowane wata da safe, gari duka a fito aikin gayya, shago a rufe, mota ba ta yawo. Na riƙa ba su labari da alfahari cewa mu ma muna da gayya, sai wata tsohuwa ta tambaye ni yaushe muka yi ta ƙarshe a unguwarmu. Na rasa amsa.
In za ta tafi, ta nemi lambar wadda ta riga ta zama a wurin, mace, ta kira ta su yi magana ba da sanin ƙungiyar ba. Fasfonta kuma ya zauna a hannunta, kar ta ba kowa ajiya.

Mushe Mai Ritaya:
Ɗiyata, tsohuwar nan ta tambaye mu duka. Zamanin shugaba Kunce da ƙungiyar matasa ta Samariya, ajin lakwal nawa munka gina da laka ba a biya mu ko tamma ba? Da ganga ake tada mu. Ban ce komai na lokacin daidai ba ne, akwai tilas a ciki. Amma yau fada nawa ke cikin garin ga, ana dafa shayi tun safe har dare, ga kwata ta toshe gabansu.

Ɗan Zariya:
Mushe, a fadarmu mun yashe kwatar layinmu kafin damina, ku zo ku gani. Shayin ma ai da shi muka yi aikin.

Bakatsine:
Ni baƙonku ne daga Jibiya, zama ya kawo ni Maradi, amma bari in sa baki. Wannan tunanin cewa Bature ne kaɗai ke zuwa taimako, mu kuma mu karɓa, ya daɗe da tsufa. A Najeriya ban da bautar ƙasa ta NYSC da Gowon ya kafa a 1973, akwai shirin TAC tun 1987, ana tura malamai da likitoci da injiniyoyi ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, shekara biyu biyu. Tarayyar Afirka ma ta ƙaddamar da nata na matasa a Abuja a 2010. Baƙar fata na taimakon baƙar fata ba yau aka fara ba.
Sannan Abban Nana, ka ce ƙasar da ba ku da kowa. Gana? Haba. Ina kakanninmu fatake ke zuwa sarin goro in ba Gwanja ba? Salaga cike take da jikokinsu. Kusan kowane babban gari a Gana akwai zango, da masallaci da sarkin zango, kuma Hausa ake yi. Abincinsu na arewa sunansa tuo zaafi, tuwon zafi ke nan. Waakye da suke ji da shi, wake ne. Da safe koko da ƙosai ake sayarwa, har sunan ba su canza ba sosai. A ƙauyukan wajen Bolga yarensu daban ne, Farafara da danginsu, dole ta koya, amma in ta shiga kasuwa ba za ta ɓata ba. Ni hanyar ce kawai ban yarda da ita ba. Kar a kuskura a ce ta bi mota ta Burkina don a rage kuɗi. Jirgi, kuma a rubuce. Ta yi allurar shawara ta riƙe katin, za a tambaya. Maganar fitarku daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da shiga ba biza har sai an sanar da wani abu, amma ku sa biron nasu ya tabbatar muku kafin ranar.

Ɗan Zariya:
To na ji. Ban janye maganata ba, tsarin nan ba adalci a cikinsa, kuma Ƴar Tibiri da ta shiga motar ta shaida. Amma zaman gida shekara ta uku ma ba adalci ba ne, na san ɗanɗanonsa. In ta tafi, Yaya ka gaya mata inji wani ɗan kabu-kabu: wanda zai ɗauke ta a moto ya kai ta ƙauye, ta tambayi sunansa, ta kuma tambaye shi me ya karanta.

Hajiyar Mokoyo:
Abban Nana shiru? Yau ne kwana ukun fa.

Abban Nana:
Ku gafarce ni, jiya ba a tashi zaman ba sai wajen sha ɗaya. Na karanta wa Baba saƙonnin nan kusan duka, na tsallake na farko na Ɗan Zariya. Labarin murhu sai da ya sa na maimaita, ya yi dariya har da tari, ya ce ya san irin matan nan, Inna ma haka za ta yi. Inna ta ce ita ba ruwanta.
Takardar mun duba, asibiti a kansu yake, jirgi ne zuwa da dawowa. Ɗakin kuma su biyu ne da wata ƴar Senegal, musulma. Baba bai ce e ba tukuna. Ya ce abu uku. Na ɗaya zai je wurin malaminsa da takardar a hannu bayan Juma'a. Na biyu, ashe akwai wani ɗan amininsa da ke sayar da albasa a Kumasi shekara da shekaru, ya ce a nemo lambarsa, yana son ya ji ko ya san wani dattijo a zangon Bolga da za a damƙa ta a hannunsa. Na uku ya juya wurinta ya ce, gonarmu ta hanyar Madarunfa da ya ce a sassabe tas bara, ita da ta yi karatun me ya sa ba ta ce masa komai ba? Ta ce ta ji nauyi ne. Ya ce to gobe da asuba su je tare ta nuna masa kututturen da za a bari, in ya ga ta iya da tsoho mai taurin kai ɗaya, sai a yi maganar matan Gana.
Maman Ikram, ta ce in tambaye ki Larabar, ƙarfe nawa, kuma ko ta zo da littafin rubutu.

Maman Ikram:
Bayan la'asar. Ta bar littafin a gida, ta zo da dala ashirin ta zubi.